Yadda Ake Farfaɗo da Ƙasar da Ruwa Ya Zaizaye da Kayan Shuka na Gora

Gangaren da ruwa ya kankare ba ya karɓar shuka cikin sauƙi. Ka watsa iri, ruwan farko ya kwashe shi zuwa kwari. Ka dasa tsiro, rana ta ƙone shi kafin saiwarsa ta kama. Abin da irin wannan wuri yake bukata shi ne wani abu da zai riƙe masa ƙasa da danshi na damina biyu ko uku, har saiwoyi su yi ƙarfin karɓar aikin. Masu gyaran hanyoyi da masu dashen itatuwa sukan yi hakan da ragar roba da buhunan leda da siminti, to amma ragar roba takan zauna a ƙasa shekara da shekaru tana marmashewa, tana kuma maƙale macizai da ƙadangaru. Itacen gora yana yin wannan aiki, idan ya gama kuma ya ruɓe ya koma ƙasa. A ƙasar Nefal an daɗe ana ɗaure gefen hanyoyin kan duwatsu da gora, a Jafan kuma ana ɓarza ta a haɗa cikin abin da ake shimfiɗa wa gangaren da aka yanka.

Ka riƙe abu guda tun daga farko, domin duk matakan da ke ƙasa a kansa suke tafiya. Gorar da ba a sa mata magani ba, idan tana taɓa ƙasa mai danshi, ba ta cika wuce shekara ɗaya zuwa uku ba. Ashe ke nan ba katanga kake ginawa ba. Lokaci kake sayo wa tsirrai. Duk turken da ka kafa ba ka shuka komai a bayansa ba, aikin banza ne.

Fara da karanta wurin

Kafin ka taɓa adda, je ka tsaya a wurin lokacin da ake ruwa ko da zarar an ɗauke. A nan ne za ka ga inda ruwan yake shigowa, inda yake haɗuwa, da inda yake ƙara gudu. Zaizaya takan zo ta fuska uku: wadda ke ɗebe saman ƙasa kaɗan-kaɗan a ko'ina, wadda ke tsaga ƙananan hanyoyi kamar yatsu, da wadda ta riga ta zama kwazazzabo. Ta farko shimfiɗa take so, ta biyu shinge, ta uku ƙananan madatsai.

Idan ruwan daga sama yake zuwa, daga titi ko rufin gini ko gonar da ke tudu, a can za ka fara. Ka haƙa lambatu marar zurfi a saman gangaren ya karkatar da ruwan zuwa wurin da ke da ciyawa ko duwatsu. Sannan ka tambayi kanka me ya kashe ciyawar wurin tun asali. In dabbobi ne ko gobara ko sara, kuma ba a yi maganinsu ba, za su dawo su cinye abin da ka dasa.

Akwai wurin da gora ba ta isa ba. Idan ka ga doguwar tsaga a saman tudu, itatuwa sun karkace gefe guda, ko ruwa yana tsatsowa daga cikin gangaren ko da ba a yi ruwan sama ba, to ƙasar daga can ciki take motsi. Wannan aikin injiniya ne, musamman in akwai gidaje ko hanya a ƙasa.

Sarar gora da shirya ta

Gora dangin ciyawa ce, kuma sandarta takan kai iyakar tsawonta cikin 'yan watanni a damina guda, daga nan ba ta ƙara kauri, sai dai ta ƙara tauri. Saboda haka kauri ba ya nuna shekaru. Sabuwar sanda tana da sheƙi, da ɗan farin gari a jiki, ɓawon da ya lulluɓe gaɓoɓinta bai gama zubewa ba. Tsohuwa launinta ya dushe, jikinta ya yi dabbare-dabbare, idan ka ƙwanƙwasa ta sai ka ji amo mai kaifi. Don turaku da shinge da tukwane, nemi mai shekara 3 zuwa 5. Mai shekara ɗaya zuwa biyu ka bar ta don yin irin dashe.

Ka sare dab da saman gaɓa ta farko ko ta biyu daga ƙasa, don kada kututturen ya zama kofin tara ruwa ya ruɓar da tushen. Kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na manyan sandunan gindi guda. Babu hikima a tsiraita wani wuri don a tufatar da wani. Lokacin da ya fi shi ne bayan damina ta wuce, ba lokacin da gora ke fitar da sabon toho ba.

Cikin gora akwai sitaci, shi ne ke jawo ƙwaron da ke huda ta ya mai da cikinta gari. Hanya mafi sauƙi ta rage shi ita ce ka nutsar da sandunan cikin ruwa na mako uku zuwa huɗu, ka danne su da duwatsu, sannan ka shanya a inuwa. Za su yi ɗan wari, ba komai. Masu gini suna jiƙa gora da sinadaran hana ruɓewa, amma a wannan aiki ka bar su. Baƙin mai da fenti da magungunan katako duk cikin ƙasar da kake son rayawa za su ƙare.

Ka sa safar hannu mai kauri. Bakin tsagaggiyar gora yana yanka kamar aska, gashin ɓawonta yana sa ƙaiƙayi, kuma tana dakushe adda da zarto da wuri, don haka ka ajiye dutsen wasa kusa.

Tukwanen reno

Wata uku zuwa huɗu kafin damina ya kamata a fara renon tsirrai. Maimakon ledar reno, ka yanka gora mai faɗin baki santimita 7 zuwa 10, tsawonta santimita 20 zuwa 25, yadda gaɓar za ta zama gindin tukunyar. Ka huda gindin wuri biyu ko uku don ruwa ya riƙa fita.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sai su ce ai gora tana ruɓewa, su binne tukunyar dungum da tsiron a ciki. Bangon gora yana da tauri, kuma saiwa ta fi ruɓewar sauri. Kafin bangon ya saki, saiwar ta riga ta nannaɗe kanta a ciki, itacen ya tsumbure. Maganinsa tun ranar yankan tukunyar ne: ka tsaga ta gida biyu a tsaye, ka sake haɗa ɓarin biyu, ka ɗaure da igiyar rama a sama da ƙasa. Ranar dashe sai ka kwance igiyar, tukunyar ta buɗe ba tare da ƙasar ta watse ba. Ɓarin da ya rage ko ka sake amfani da shi, ko ka kafa shi a gefen tsiron da rana ta fi dukansa.

Ka cika tukwanen da ƙasar sama kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Ka jera su a kan ɗan dandamali na tsagaggiyar gora, kada su zauna a ƙasa, domin saiwar da ta leƙo ta ramin gindi ta gamu da iska sai ta tsaya, tsiron ya yi sabbin saiwoyi a ciki. Mako biyu kafin dashe ka rage ruwa da inuwa a hankali su saba da wahala.

Wani abin lura game da tukwanen kanti da ake rubuta wa "na gora": wasunsu garin gora ne da aka cuɗe da roba ko danƙon melamin. Waɗannan ba sa ruɓewa. Idan tukunyar tana da santsi da tauri irin na farantin roba, kada ka binne ta.

Fitar da layi da kafa shinge

Shingen da bai bi daidaiton gangare ba, wato layin da ke ratsa gangaren a gicciye ba hawa ba sauka, ya fi rashinsa illa, domin zai tattara ruwa ya tura shi gefe guda, nan kuma sabon kwazazzabo zai buɗe. Ido ba ya iya wannan awo. Ka haɗa ma'auni da sandunan gora uku mai siffar harafin A: ƙafafu biyu masu tsawo ɗaya, kamar mita biyu-biyu, da sanda a gicciye. Ka rataya dutse da zare daga ƙololuwa. Ka tsayar da shi a ƙasa ka yi alama inda zaren ya taɓa sandar gicciye, ka juya ƙafafun su yi musayar wuri ka sake yin alama. Tsakiyar alamun biyu ita ce daidai. Daga nan sai ka riƙa tafiya da shi a gicciyen gangaren, kana juya ƙafa ɗaya a kan ɗaya, duk inda zaren ya faɗa kan alamar tsakiya ka kafa tsinke.

Tazarar layuka ta danganta da tsayuwar gangaren. Inda ya miƙe sosai, mita ɗaya zuwa biyu. Inda ya kwanta, mita uku zuwa biyar.

A kan kowane layi ka haƙa ɗan rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15. Ka feƙe turaku masu tsawon kusan mita ɗaya, ka yanka kan kowanne dab da gaɓa don ya jure duka, ka kuma ɗora guntun katako a kai kafin ka buga guduma, in ba haka ba zai fashe. Ka kafa su a tazarar rabin mita zuwa santimita 75, kashi biyu cikin uku na tsawonsu a cikin ƙasa, kansu ya ɗan jingina zuwa tudu. Sannan ka saƙa tsagaggiyar gora a tsakaninsu, gaba da baya, kowane zubi ya saɓa wa na ƙasansa, kana dannawa da ƙafa. Ɗanyar gora ta fi lanƙwasuwa, busasshiya sai an jiƙa.

Saƙar ta fara daga cikin ramin, ba daga saman ƙasa ba. Wannan shi ne abin da ke raba shingen da zai tsaya da wanda ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa a ruwan farko. Ka mayar da ƙasa ka daddale ta sosai ta ɓangaren tudu. Tsayin da ke sama kada ya wuce santimita 20 zuwa 30. Mutum yakan so ya ɗaga shi don ya ga aiki, amma dogon shinge laka mai nauyi yake tarawa, ranar da turakun suka ruɓe kuma duk ta zubo lokaci guda. Ƙarshen kowane layi ka lanƙwasa shi ya ɗan hau tudu, don kada ruwa ya zagaye ta gefe.

Kwazazzabo

A kwazazzabo ana fara aiki daga sama, inda yake ƙarami, a gangaro. Ka fara da kansa, wurin da ƙasa ke ruftawa yana cin gaba: ka sassabe bakin ya kwanta, ka jera duwatsu. Sannan ka kafa turaku layi biyu a gicciye, tazarar kusan rabin mita tsakanin layukan, ka saƙa kowanne, ka cika tsakiya da rassa da duwatsu. Tsayin kada ya wuce rabin mita ko ɗan sama da haka.

Abubuwa uku ne ke kashe irin wannan madatsa. Na farko, rashin cusa gefunanta cikin bangon kwazazzabon. Ka shigar da su aƙalla rabin mita kowane gefe. Na biyu, yin samanta a miƙe. Dole tsakiya ta fi gefuna ƙasa don ruwa ya tsallaka ta nan. Na uku, barin ƙasa tsirara inda ruwan ke faɗowa. Ka shimfiɗa duwatsu a wurin, in ba haka ba ruwan zai haƙe gindin madatsar ya kayar da ita. Wajen tazara, kan madatsar da ke ƙasa ya yi daidai da gindin wadda ke samanta. Ƙanana da yawa sun fi babba guda. Ba kuma tare ruwa ake so ba, a rage masa gudu ne ya sauke lakar da ya ɗauko.

Gawayi, ɓarzajjiyar gora da shimfiɗa

Bayan tukwane da turaku za ka tarar da tarin guntaye da rassa. Kada ka zubar.

Busassun guntayen ka yi gawayi da su. Ka haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, ka kunna wuta a ƙasa, ka riƙa ƙara gora zubi-zubi, duk lokacin da farin toka ya fara bayyana a sama ka ƙara wani zubin. Harshen wutar da ke sama shi ke hana iska cinye na ƙasa. Ramin ya cika, ka kashe da ruwa mai yawa. Ka tabbata ka tsaga kowace sanda kafin ta shiga wuta, domin iskar da ke kulle tsakanin gaɓoɓi takan fashe da ƙara ta watsa garwashi. Gawayin gora yana da ƙananan ƙofofi masu riƙe ruwa da abincin shuka, amma sabo fil ba abin da ke cikinsa, zai ma iya zuƙe na ƙasar. Ka daka shi, ka cuɗe da danshin taki, ka bar shi mako biyu zuwa huɗu. Cikin tafi ɗaya ko biyu a ramin dashe ya isa. Ya fi amfani a ƙasa mai yashi ko mai tsami. A ƙasa mai kanwa-kanwa ka rage, ko ka bar shi.

Ɓarzajjiyar gora da ganyenta kuwa saman ƙasa ake zuba su, kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar ɗan fili kewaye da wuyan tsiro. Kada ka cuɗa su cikin ƙasa. Ƙwayoyin da ke ruɓar da su suna jan naitirojin, wani sinadarin abincin shuka, daga ƙasar, sai ka ga ganyen shuka ya yi rawaya. Inda gangaren ya miƙe har ɓarzajjen ba zai zauna ba, ka saƙa asabari mai faɗin ido da siraran tsagin gora, ka watsa irin ciyawa, ka rufa shi a kai, ka danne da ƙananan turaku. Ya kwanta a jikin ƙasa sosai, kuma a fara shimfiɗawa daga ƙasa zuwa sama yadda na sama zai hau bakin na ƙasa.

Dashe

Ka jira ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu zurfin kamu ɗaya ko fiye. Ciyawa ce gaba. A bayan kowane shinge, ta ɓangaren tudu inda laka za ta taru, ka dasa ciyawa mai zurfin saiwa a jere, tazarar santimita 10 zuwa 15. Jema tana cikin waɗanda aka fi amfani da su a ƙasashe masu zafi saboda saiwarta tana nutsawa ƙasa a miƙe. Wannan layin ciyawa shi ne zai gaji shingen, don haka kada ka bar giɓi a cikinsa.

Tsakanin layuka sai ƙananan itatuwa, musamman dangin wake masu ƙara wa ƙasa ƙarfi, sannan manyan itatuwa a warwatse. Ka zaɓi irin da ke fitowa da kansa a yankin. Dubi abin da ya tsira a gefen wurin ba tare da kowa ya kula da shi ba, shi ne amsarka. Ka gauraya iri-iri. Ramin dashe ya ninka faɗin tukunyar, ka zuba gawayin da taki, ka buɗe tukunyar, ka daidaita wuyan tsiron da saman ƙasa, ka danna, ka yi masa 'yar kunya mai siffar jinjirin wata ta ɓangaren gangare don tare ruwa.

Ita kanta gorar ana dasa ta, amma da lura. Irinta sun haura 1,000, kuma sun kasu gida biyu. Akwai mai tsayawa gungu guda, kamar Bambusa vulgaris da gorar Afirka mai jure fari, Oxytenanthera abyssinica. Akwai kuma mai yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, kamar dangin Phyllostachys, wadda kan ɓullo mita da yawa daga inda aka dasa ta. A Jafan, kurmin irin wannan gora da aka daina kula da shi yana mamaye dazuzzuka da gonaki, abin da ya sa ma ake neman hanyoyin cinye ta da aiki. A wurin gyaran ƙasa, ni dai ban ga dalilin dasa mai yaɗo ba. Ko mai gungun ma ka ajiye ta a gindin gangare da gefen kwazazzabo da bakin rafi, tazarar mita 4 zuwa 6. Saiwarta tabarma ce mai kauri a sama-sama, tana riƙe fatar ƙasa da kyau amma ba ta nutsawa can ciki, gungun kuma yana da nauyi, inuwarsa tana kashe abin da ke ƙarƙashi.

Hanya mafi tabbas ita ce a haƙo sanda mai shekara ɗaya zuwa biyu tare da tushenta, a datse ta a tsawon mita ɗaya ko ɗaya da rabi, a dasa a ranar. Irin su Bambusa vulgaris kuma suna kamawa daga yanka: ka yanki guntu mai gaɓa biyu da idanunsa lafiya, ka huda tsakani ka cika da ruwa, ka toshe, ka kwantar da shi cikin ƙasa zurfin santimita 6 zuwa 10. Toho yakan riga saiwa fitowa, don haka kada ganin ganye ya ruɗe ka ka tumɓuke shi. Ba shi wata biyu zuwa uku. Wannan sauƙin kamawa yana nufin ɗanyen turke ma zai iya tsirowa a inda ba ka so, saboda haka a irin wuraren nan ka yi amfani da busasshe. In da hali ka samo irin dashe daga gindi daban-daban a wurare daban-daban. Gora da yawa sukan yi fure sau ɗaya bayan shekaru masu yawa sannan su mutu, kuma abin da aka yanka daga uwa guda yakan yi furen tare da ita.

Kulawa

A daminar farko ka zagaya bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Abin da kake nema shi ne ramin da ruwa ya yi a ƙarƙashin shinge, turken da ya kwanta, da gefen madatsar da ruwa ya fara zagayewa. Ka toshe da duwatsu da ƙasa a ranar, domin ramin da hannu zai rufe yau, bayan ruwa biyu sai da shebur. Tsiron da ya mutu ka maye gurbinsa tun damina ba ta yi nisa ba. Saboda haka ne ake renon fiye da abin da ake bukata.

Da rani abokan gaba biyu ne, dabbobi da wuta. Ka kewaye kowane itace da kejin tsagaggiyar gora, ka kuma share fili mai faɗin mita biyu zuwa uku kewaye da wurin gaba ɗaya, don busasshiyar gora da ciyawa ba sa jiran gayyata in wuta ta zo. Ban ruwa mai yawa sau ɗaya a mako ya fi yayyafi kullum. Gara za ta shiga turakun, wannan ba abin tashin hankali ba ne muddin ba ta koma kan tsirrai ba. Hanyoyin da take haƙawa ma suna taimaka wa ruwa shiga ƙasa.

Kafin damina ta biyu ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya kana girgiza turaku da hannu. Inda turke ya karye amma ciyawar bayansa ta haɗe babu giɓi, bar shi ya ruɓe a wurin. Inda ya karye kuma ciyawar ba ta rufe ba, ka kafa sabo a gefensa, ka tsago ciyawa daga gindin da ya yi kauri ka cike giɓin, sannan ka datse sauran layin zuwa tsawon santimita 30 zuwa 40 don ya ƙara 'ya'ya, abin da ka datse kuma ka zuba shi a gindin itatuwa.